In za a kama, a kama mu duka: mu fito da mashinanmu da rana tsaka?

Nura Agege: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ku yi haƙuri da tsawon saƙon nan, zuciya ce ta cika. Shekaranjiya aka ƙwace mashin ɗin ƙanena. Bai yi wata biyar da karɓo shi ba, kuma bashi ne, kullum sai ya kai balas. Wata mata ya ɗauko daga nan Agege, ta roƙe shi ya ƙarasa da ita gaba kaɗan saboda kayan da ke hannunta, ashe ya tsallaka inda gwamnatin Ikko ta hana acaɓa. Wasu jami'ai suka tare shi, suka jefa mashin a bayan mota, shi kuwa ƙafarsa ce ta cece shi. Mun je inda aka ce mu je, mun wuni a tsaye, ba wanda ya ba mu ko guntuwar takarda da ke nuna an karɓi wani abu a hannunsa. Yanzu ga mai mashin yana neman kuɗinsa, ga mata da yara biyu a gida suna jiran aike.

Ni dai na gaji da ɓuya. Kullum muna bin lungu kamar ɓarayi alhali guminmu muke ci. Me zai hana mu sa rana ɗaya mu fito gaba ɗayanmu, mu hau titin da aka hana da rana tsaka, ba sanda ba dutse, mu tafi a hankali har Alausa inda ofishin gwamna yake, mu ajiye makullai mu zauna a ƙasa? In za a kama, a kama mu duka. Mu ga ɗakin da zai ɗauke mu.

Hajiya Ladi mai abinci: Wa alaikumus salam. Innalillahi. Sannu Nura, Allah ya mayar masa da mafi alheri.

Alhaji Garba Mile 12: Ɗana, na ji zafin da ke cikin maganarka, kuma ban ga laifinka ba. Amma ka saurare ni. A watan Maris na 2016 ina nan kasuwa lokacin da rigima ta tashi, kuma daga hatsaniyar ɗan acaɓa ɗaya ta faro. Kafin a ankara ta zama faɗan Bahaushe da Bayarabe. An rasa rayuka, an ƙona gidaje, gwamnati ta rufe kasuwar kwana da kwanaki, tumatir ɗinmu ya ruɓe muna kallo. Waɗanda suka girme ka za su tuna Ketu a 1999 da Idi-Araba a 2002. A garin nan, duk taron da aka ga fuskokinmu kaɗai a cikinsa, ba a kiransa taron masu neman haƙƙi. Cewa ake 'yan Arewa sun taso. Kai ka yi niyyar lumana, na yarda. Wa zai lamunce maka niyyar mutum dubu biyu?

Shamsu ɗalibi: Alhaji, da girmamawa, ai abin da Nura ya faɗa ba sabon abu ba ne a duniya, kuma ya yi aiki. A Indiya Turawan Ingila sun hana talaka ɗiban gishiri a bakin teku, dole sai ya saya ya biya haraji. Ranar 12 ga Maris 1930 Gandhi ya taso da mutum 78, suka yi tafiyar mil 240 a ƙasa cikin kwana 24 har garin Dandi, ya duƙa ya ɗebi gishiri a gaban kowa. Kafin shekarar ta ƙare an kama mutane wajen 60,000, gidajen yari suka cika maƙil. A Amurka kuma, 1 ga Disamba 1955, Rosa Parks ta ƙi tashi ta bai wa Bature kujera a bas a Montgomery. Baƙaƙen fata suka ƙaurace wa bas kwana 381 har kotu ta soke wariyar. Ba su harba ko harsashi ɗaya ba. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Alhaji Garba Mile 12: Su a garinsu suke, yaro.

Baba Ɗanjuma Ebute Metta: Alhaji Garba, a nan kam sai na tanka. Mu ma a garinmu muke. A nan Ikko aka haife ni, a nan na yi aikin jirgin ƙasa har na yi ritaya, a nan aka binne mahaifina. Fataken goro sun zauna a Agege tun kafin a haifi kakan wanda ya sa hannu a kan dokar nan. Zan dawo kan maganar in na idar da salla.

Barista Halima: Sannunku. Nura, jaje na farko. Bari in raba abubuwa uku da muke cakuɗawa, don hukuncinsu a doka ba ɗaya ba ne.

Zanga-zangar lumana ba karya doka ba ce. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin taro. Bayan 'yan sanda sun tarwatsa gangamin jam'iyyar ANPP da barkonon tsohuwa a Kano a 2003, an kai ƙara, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ba sai an nemi izinin 'yan sanda kafin a yi taron lumana ba. To in kun taka da ƙafa zuwa Alausa riƙe da kwalaye, kuna cikin haƙƙinku.

Ƙauracewa ko yajin aiki shi ma ba karya doka ba ne. Abin da mutanen Montgomery suka yi ke nan a mafi yawan kwanakin nan 381: sun ƙi hawa bas kawai, suka riƙa tafiya a ƙasa ko su haɗu a motar wani.

Na uku shi ne wanda ka kawo: ka san doka ta hana, ka karya ta da gangan, a fili, ka tsaya a kama ka, ka je kotu ka ce e na yi, kuma ga dalilina. Wannan shi ne bijire wa doka cikin lumana. Ƙarfinsa duka yana cikin yarda da ɗaukar hukunci. Wanda ya karya doka ya gudu, mai laifi ne kawai a idon jama'a. Wanda ya karya ya tsaya, shi ne ke sa mutanen gari su tambayi kansu ko dokar ce ke da laifi. Tambayata gare ka: hukuncin nan za ku iya ɗaukarsa? Dokar sufuri ta jihar ta 2018 ta tanadi ɗauri, kuma mashin ɗin da aka kama ana murƙushe shi, mun sha gani a talabijin. Gandhi gishirin da bai kai kwabo ba ya ɗiba. Ku kuma jarinku za ku kai musu da hannunku, mafi yawa ma jarin wani ne da ba a gama biya ba.

Nura Agege: Anti Barista, ai ko mun fito ko ba mu fito ba ana ƙwacewa. Ɗai-ɗai ake cinye mu. Gara a yi ta a gaban kyamara.

Sadiq Alaba Rago: Ni dai abin da na ji daga bakin malamai lokacin zanga-zangar Agusta 2024 shi ne haramun ne fito-na-fito da shugabanni. Kuma mun ga abin da ya biyo baya a Kano, fashe-fashe da sace-sace. Addu'a ita ce makamin mumini.

Malam Idris Idi-Araba: Malam Sadiq, addu'a makami ce babu shakka. Amma a faɗi gaskiya, malamai sun saɓa a kan wannan mas'ala, ba baki ɗaya suka yi ba. Abin da suka fi tsananta hani a kai shi ne ɗaukar makami a kan shugaba, saboda jinin da ke zuba. Faɗin gaskiya a gabansa kuwa, hadisi ya kira shi mafificin jihadi. Ga kuma ƙa'idar da kowa ya sani, babu biyayya ga abin halitta cikin saɓa wa Mahalicci.

Ku dubi Imam Ahmad bin Hanbal. Hukumar zamaninsa ta tilasta malamai su ce Alƙur'ani halitta ne. Ya ƙi. Aka ɗaure shi, aka yi masa bulala har ya suma, bai canza magana ba. Amma da mutane suka zo masa da shawarar a yi tawaye, ya hana su. Bai yi biyayya ba, bai kuma zare takobi ba, ya ɗauki azabar a jikinsa. In kuna neman asalin abin nan a tarihinmu, ga shi nan, ba sai mun je Indiya ba.

Sai dai Nura, kar in yaudare ka. Dokar hana acaɓa ba ta umarce ka da saɓon Allah ba. Doka ce ta tsarin hanya, tana iya zama mai tsauri, tana iya zama an zalunci talaka wajen aiwatar da ita, amma ba ɗaya take da wadda ta ce ka bar salla ba. A irin wannan, malamai suna auna maslaha da ɓarna. In gyaran da za ka yi zai jawo ɓarnar da ta fi wadda ake ciki, an ce ka dakata ka nemi wata hanya. Dakatawa kuma ba ita ce yin shiru ba.

Sadiq Alaba Rago: Allah ya gafarta Malam, na gamsu da rabin maganar. Rabin zan ƙara bincike.

Bitrus Lekki: 'Yan'uwa, ni gadi nake yi a nan Lekki, kuma akwai abin da in ba mu faɗa wa kanmu ba wasu za su faɗa mana. Haramcin acaɓa na 1 ga Yuni 2022 bai faɗo daga sama ba. A watan Mayu na shekarar aka kashe wani mai aikin sauti a nan unguwar, aka ƙona shi, a kan rigimar kuɗin acaɓa da bai taka kara ya karya ba. Ina nan, na ga yadda mutanen unguwa suka koma kallon duk mai mashin. Bayan 'yan kwanaki gwamna ya sanar da hani a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa, a watan Satumba aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Mutanen gari da yawa sun yi murna. Wasu yaranmu suna bin hannun da ba nasu ba, suna hawa inda masu ƙafa ke bi, ba hular kwano. Ku je asibitin ƙashi na Igbobi ku ga masu karaya. Rosa Parks da aka kama, duk mai imani ya san ita aka zalunta. Ku in kun hau titin Ikorodu ku dubu, mai bas ɗin danfo da fasinjansa da za su makale a go-slow, wa za su ce an zalunta?

Na biyu, ina bakin aiki daren 20 ga Oktoba 2020. Yaran nan na EndSARS, masu zanga-zangar adawa da zaluncin 'yan sanda, tuta suke riƙe da ita suna rera taken ƙasa a bakin toll gate. Kunnena ya ji harbin. Su da suke da lauyoyi da likitoci da duniya duka tana kallonsu a waya. Ku wa zai kalla?

Nura Agege: Yaya Bitrus, wanda ya kashe mutum a hukunta shi, ban taɓa kare shi ba. Amma laifin mutum goma ne za a ɗora wa dubun dubata? Ƙanena ko kaza bai taɓa bugewa ba.

Bitrus Lekki: Gaskiyarka ce. Ni ma ban ce dokar ta yi adalci ba. Cewa na yi mutanen gari ba su ga zaluncin ba tukuna, kuma sai sun gani abin zai yi tasiri.

Shamsu ɗalibi: Kar mu manta EndSARS ɗin ma ta sa an rusa rundunar 'yan sanda ta SARS ranar 11 ga Oktoba. Haka a Janairun 2012, da aka cire tallafi litar mai ta tashi daga naira 65 zuwa 141, mutane suka cika filin Gani Fawehinmi a Ojota, Kano ma ta tsaya cak, dole aka dawo da ita 97.

Hajiya Ladi mai abinci: Shamsu, a 2012 kowa mai ya ƙona, Bayarabe da Ibo da Bahaushe, shi ya sa. Ni bari in yi magana a matsayina na uwa. Rumfata a nan Agege, kashi biyu cikin uku na masu cin abincina 'yan acaɓa ne. Tun da aka tsananta kamen nan tukunyata ta ragu, wasu da bashina suka koma gida, ban riƙe su a zuci ba don na san ba su da shi. To ni ma dokar ta taɓa ni.

Amma ku maza in kuna maganar a kama mu duka, ba ku tuna wanda zai kai abinci gidan yari. Mu ne. Kun manta yaran da aka kama a zanga-zangar Agusta 2024? Wata uku suna tsare, ranar 1 ga Nuwamba aka kawo su kotu a Abuja, duk ƙasusuwa a waje, wasu suka faɗi a gaban alƙali. Sai da duniya ta yi ca sannan shugaban ƙasa ya ce a sake su. Yaran Arewa ne, irin ƙanenka Nura. Waɗanda suka zuga su a waya suna gidajensu suna shan shayi.

Ban ce a zauna ba. Matan garin nan sun taɓa yi. Alimotu Pelewura mai sayar da kifi ce, Musulma, ko boko ba ta yi ba, amma ta haɗa kan matan kasuwannin Ikko suka tsaya wa Turawa a kan harajin mata da ƙayyade farashin abinci lokacin yaƙin duniya na biyu. A Abeokuta, Funmilayo Ransome-Kuti da dubban mata sun kwana a ƙofar fadar Alake, sarkin garin, a kan haraji, har ya sauka daga kujera a farkon 1949. Abin da ya sa suka iya, suna da ƙungiya tun kafin ranar, suna da asusu, kowace kasuwa da shugabarta, in an kama ɗaya sauran sun san wa zai riƙe mata yara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku kuna da asusun ko naira dubu goma?

Nura Agege: Mama, kullum sai mun yanki tikiti kala-kala a tasha, amma ranar da aka kama mutum ba ka ganin kowa.

Hajiya Ladi mai abinci: To ka ga inda ciwon yake.

Baba Ɗanjuma Ebute Metta: Na dawo. Ku ba ni dama in ɗan yi tsawo, tsufa ne.

Mahaifina ɗan jam'iyyar NEPU ne. An kafa ta a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, kuma abin da suka sha a hannun 'yan doka da kotunan alƙalai na En'e, yaran yanzu ba za su yarda ba in an faɗa musu. A ɗaure mutum don ya yi lacca ba izini, a yi masa bulala don ya ƙi cire takalmi ya faɗi gaisuwa, a kore shi daga gari don an ga katin jam'iyya a aljihunsa. Shi kansa mahaifina abin da ya koro shi kurmi ke nan. Malam Aminu Kano bai taɓa ce musu su ɗauki makami ba. Abin da ya koya wa talaka shi ne ya iya cewa a'a, ya tsaya a kan a'ar tasa, a gaban hakimi. Hajiya Gambo Sawaba sau 16 ana ɗaure ta, tana fitowa tana komawa kan dandamali tana neman a bai wa matan Arewa ƙuri'a. Sai a 1979 suka jefa ta a babban zaɓe. A shekarar ce kuma Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Ku ƙirga daga 1950, shekara 29 ke nan. Da yawa daga waɗanda suka sha bulalar ba su ga ranar ba.

A wurin aikina kuma mun gaji labarin Michael Imoudu, jagoran ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa, da yajin aikin gama-gari na 1945. Ma'aikatan jirgin ƙasa ne suka ja gaba daga nan Ebute Metta, aka yi sama da kwana 40 ba jirgi ba tashar ruwa, a kan kuɗin tsadar rayuwa. Tsofaffin da na tarar sun ce abin da ya riƙe su shi ne matan kasuwa da suka riƙa ba su abinci bashi, da masu gidajen haya da suka ɗaga musu ƙafa. Wato gari ne ya goya su.

To Nura jikana, ni ba zan ce maka kar ka bijire ba, don da iyayenmu ba su bijire ba da har yau ana kama talaka a kan kuɗin haraji a shanya shi a rana. Kuma ban yarda da masu cewa mu baƙi ne mu yi shiru ba. Sashe na 41 ya ce ɗan Najeriya ya zauna inda ya ga dama, Barista tana nan ta gyara mini in na yi kuskure. Abin da nake tsoro shi ne rana ɗaya. Kai rana ɗaya kake nema, ka huce. Waɗanda suka yi nasara shekaru suka ba abin.

Barista Halima: Ba ku yi kuskure ba Baba, haka sashen yake.

Alhaji Garba Mile 12: Baba Ɗanjuma, na karɓi gyara a kan maganar gari. Bakina ne ya riga tunanina. Amma bari in ba ku labarin wanda na shiga da kaina. Bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, a ƙarshen Fabrairun 2021 ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kawo kaya kudu. Kusan mako guda aka yi. Nan Ikko kwandon tumatir da nama suka yi tashin gwauron zabo, gwamnoni suka shiga tsakani, aka zauna da mu. A ranar mun ji mu ma wasu ne. Amma da na kira gida, manoman da nake sayen kaya a hannunsu kuka suke. Tumatir ba ya jira, ya nuna ya ruɓe a gona, wanda aka kai kasuwa kuma aka saye shi a wulaƙance. Mu dillalai muka yi suna, manomi ya biya kuɗin. Har yau abin yana damuna. Shi ya sa duk wanda ya ce a tashi, tambayata ta farko ita ce wa zai biya, kuma an tambaye shi?

Shamsu ɗalibi: Na yarda da batun shiri. Akwai misalin da ya fi kusa da mu ma. Khan Abdul Ghaffar Khan, Musulmi ne daga ƙabilar Pashtun, mutanen da aka sani da bindiga da ɗaukar fansa. Ya tara dubun dubatarsu a ƙungiyar Khudai Khidmatgar, kowa sai ya yi rantsuwa ba zai rama ba ko an dake shi. A Afrilun 1930 sojojin Ingila suka buɗe musu wuta a wata kasuwa a Peshawar, suka tsaya ba su rama ba. Amma horo suka yi kamar soja kafin nan, kuma makarantu ya fara buɗewa. Shi Gandhi ma a 1922, da magoya bayansa suka ƙona ofishin 'yan sanda a Chauri Chaura aka kashe sama da 20, dakatar da gwagwarmayar ya yi gaba ɗaya duk da tana kan ganiyarta. Ko Rosa Parks ba gajiya kawai ta yi ba, sakatariyar ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ce a garin, lauyoyi na nan a shirye.

Nura, tsakaninka da Allah, in jami'i ya mari ɗaya daga cikin yaranku a gaban sauran, za su tsaya?

Nura Agege: Ni zan tsaya. Sauran ban isa in rantse a kansu ba.

Malam Idris Idi-Araba: Allah ya yi maka albarka da wannan gaskiyar.

Barista Halima: Tunda an zo nan, ga abin da nake gani. Kar ku kai hari kan haramcin gaba ɗaya, a nan gari bai goyi bayanku ba, kamar yadda Bitrus ya ce. Ku kama inda zaluncin yake tsirara, wanda ko mai ƙin acaɓa ba zai iya karewa ba: a karɓi dukiyar mutum ba rasit, ba a kai shi gaban alƙali ba, ba hanyar da zai bi ya kare kansa. Kundin tsarin mulki ya ba kowa haƙƙin a saurare shi, ya kuma kare dukiyarsa. Wannan ana iya kai shi kotu, kuma 'yan acaɓa Yarabawa da Ibo da masu Keke duk abin ya shafe su, don haka ba za a ce taron ƙabila ɗaya ba ne.

Kotu tana da jinkiri, ba zan ɓoye ba. Shari'ar hijabi a makarantun gwamnatin jihar nan, Babbar Kotu ta ba gwamnati gaskiya a 2014, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta juya hukuncin a 2016, sai a Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa 'yan mata haƙƙinsu. Shekara takwas. Amma yau yarinya tana shiga aji da hijabinta ba mai cire mata. Haka hana fita na safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata saboda shara, lauya ne ya kai ƙara kotu ta ce ba dokar da ta ba da ikon tsare mutane a gida.

In bayan an shigar da ƙara, an kafa asusu, an yi tattaki da ƙafa an kai koke Majalisar Dokoki, har yanzu ba a saurare ku ba, to a lokacin ana iya zaɓar mutum biyar ko goma, masu mashin nasu na kansu, waɗanda suka san abin da zai same su suka kuma yarda, iyalansu da tanadi, lauya a gefe, 'yan jarida a gefe. Wannan shi ne bijirewa da ke da ma'ana. A matsayina na lauya ba zan ce wa kowa ya karya doka ba. Amma wanda ya yi haka da idonsa a buɗe, zan tsaya masa a kotu ba tare da na karɓi sisinsa ba.

Sadiq Alaba Rago: In dai asusun lauya ne da tallafa wa iyalan waɗanda aka kama, ni ma zan sa hannu. Titi ne ba zan hau ba.

Hajiya Ladi mai abinci: Ni zan riƙe littafin adashen in an yarda da ni. Naira 200 a rana ba za ta gagari mai aiki ba. Amma sai an sa mutum biyu su riƙa duba ni duk Juma'a, kuɗin jama'a ba a riƙe shi mutum ɗaya.

Bitrus Lekki: Akwai masu mashin 'yan cocinmu, Yarabawa da mutanen Benuwai. Zan yi musu magana ranar Lahadi.

Kabiru (mai kula da zaure): To jama'a, za mu zauna ranar Lahadi bayan la'asar a Agege, zan turo wurin ta saƙon kowa. Don Allah kar wanda ya tura maganar nan wani zaure da sunan an sa ranar fita, ba a sa ba.

Nura Agege: Zan zo, kuma zan zo da mutum shida da aka ƙwace wa mashin cikin watan nan. Amma Baba, Anti Barista, ban janye maganata ba. In aka zo zaɓen mutum goman nan a rubuta sunana na farko, mashin ɗina nawa ne na gama biya. Abin da ke gabana yanzu, mai mashin ɗin ƙanena ya ce gobe da safe zai zo, ko kuɗi ko ya kai shi ƙara.

Alhaji Garba Mile 12: Ka kawo mini su biyun kasuwa bayan sallar asuba, kafin motoci su fara sauke kaya. Zan yi masa magana.

Barista Halima: Ku taho da takardar yarjejeniyar da suka yi da lambar mashin ɗin, ka ɗauki hotonsu ka turo mini yau da dare. Ka sa ƙanenka ya rubuta ranar, da lokacin, da daidai inda aka tare shi tun bai manta ba.